Allon kwamfuta ya ƙi: tambayoyi da amsoshi kan saitin hoto da fayilolinsa

Waɗannan su ne tambayoyin da aka fi zo mini da su shago game da allon kwamfutar tebur. Wani hoto ya ƙi fitowa gaba ɗaya, wani ya fito amma a miƙe kamar an ja shi da igiya, wani kuma ya taɓa wani fayil da dare, gari na wayewa kwamfuta ta daina nuna komai. Na haɗa Windows da Linux wuri ɗaya domin ciwon ɗaya ne, inda ake ajiye maganin ne ya bambanta. Sunayen maɓallai da na menu na bar su yadda suke a rubuce a kan allo, don kada ka tafi neman abin da babu.

Na kunna kwamfuta, fanka na juyawa, amma allo ya rubuta No Signal. Daga ina zan fara?

Daga bayan akwatin. Wannan rubutu monita ce ta yi shi da kanta, ke nan tana da rai, hoto ne bai iso mata ba.

Kafin ka taɓa komai, sake kunnawa ka zuba ido. Idan tambarin kamfanin kwamfutar ya bayyana na ɗan lokaci sannan allo ya yi duhu, kayan aikinka lafiya suke, matsalar tana cikin saiti ko direba, wato 'yar manhajar da ke yi wa tsarin kwamfuta tafinta da katin hoto. Idan ko tambarin bai fito ba, kada ka wahalar da kanka da Windows, ba a ma kai gare shi ba. Wannan kallon na daƙiƙa goma shi ke raba aikin gida biyu, kuma yawancin mutane tsallake shi suke yi.

In babu tambari, duba inda aka soka waya. Kwamfutar da aka ƙara wa katin hoto tana da mahaɗa iri biyu: na madabod, wato babban falle na cikin akwatin da komai ke soke a kansa, a sama, kusa da ramukan USB, da na katin a can ƙasa, a kwance. Da yawa daga cikin injinan nan suna kashe na sama da zarar sun ga kati. Firosesan Intel da lambarsa ta ƙare da harafin F, irin su i5-10400F, ba shi da sashen hoto a cikinsa sam, don haka ramin madabod ba zai taɓa ba ka komai ba. Sai ka danna maɓallin Input ko Source a jikin monita, ka tabbata tana sauraron ramin da wayar ke ciki.

Duk an yi wannan shiru? Cire wayar wuta, ka buɗe akwatin, ka zare ram, wato sandar ƙwaƙwalwar kwamfuta da ke soke a madabod, ka goge haƙoransa masu ruwan zinariya da kilinar fensir, ka mayar har ka ji ya ce ƙas a gefe biyu. Lokacin hunturu, da ƙura ke shiga ko'ina, wannan kaɗai na tayar da injina da yawa.

Na canza rezolushan, sai allo ya rubuta Out of Range ya tsaya nan.

Ka tura wa monita abin da ya fi ƙarfinta, ko yawan ɗigon hoto, wato rezolushan, ko saurin sabunta hoto. Idan yanzu ka yi canjin, cire hannunka daga kibod. Windows na jiran amincewarka na daƙiƙa 15, in bai samu ba sai ya koma saitin baya da kansa. Masu danna Enter cikin ruɗewa su ne ke amincewa da abin da ba su gani ba.

Idan aikin gama ya gama, kashe kwamfutar da maɓallin wuta a daidai lokacin da Windows ke tashi, sau biyu ko uku a jere, har ta kai ka shafin gyara mai launin shuɗi. Bi Troubleshoot, Advanced options, Startup Settings, Restart, sannan ka danna 3, wato Enable low-resolution video. Na fi son wannan a kan Safe Mode, yanayin da Windows ke tashi da direban hoto na wucin gadi, domin wannan yana tashi da direbanka na gaskiya, abin da ka gyara a ciki kuma yana zama.

Wasu kan aro monitar maƙwabci su gyara saitin da ita, su mayar da tasu, su tarar babu abin da ya canza. Windows na riƙe wa kowace monita saitinta daban, ka gyara wa ta aro ne kawai.

Wai ta yaya ma kwamfuta ke sanin girman allon da aka haɗa mata?

Monita ce ke gaya mata. A cikin kowace monita akwai ɗan guntun bayani da ake kira EDID, tsari ne na ƙungiyar VESA, tushensa bayit 128 kacal. A ciki akwai sunan kamfani, samfuri, girman allo, jerin rezolushan da take ɗauka, da wanda ta fi so. Da ka soka waya, kwamfuta ta karanta wannan takardar shaida, ta zaɓi abin da ya dace ba tare da ta tambaye ka ba.

In ka gane wannan, rabin tambayoyin da ke ƙasa sun amsa kansu. A wayar VGA, wadda IBM ya fito da ita tun 1987, akwai allurai 15, kuma ta lamba 12 da ta 15 ne ke ɗauko wannan bayani. Idan ɗaya ta lanƙwashe, ko wayar mai arha ce da ba a haɗa su ba, ko ka bi ta wata na'urar raba hoto ko ta sauya mahaɗi da ke haɗiye bayanin, hoto zai fito amma kwamfuta ba ta san da wa take magana ba. Sai ta yi taka-tsantsan ta ba ka ƙaramin rezolushan, Windows ya kira monitar Generic Non-PnP Monitor, Linux ya ce Unknown Display.

Shi ya sa nake cewa a gwada wata waya kafin a buɗe kowane fayil. Na sha ganin mutum ya kwana yana rubuta saiti da hannu a kan ciwon da wayar aro za ta warkar cikin minti ɗaya.

Wane rezolushan ne daidai? Na rage nawa don rubutu ya yi girma, amma komai ya yi dishi-dishi.

Allo mai faɗi na zamani yana da ɗigo ƙayyadaddu da aka gina shi da su, kuma a wannan adadin kaɗai yake fitar da hoto tangaran. Tsofaffin monitoci masu kusan murabba'i na inci 17 da 19 yawanci 1280x1024 ne. Masu faɗi na inci 19 kan zo da 1440x900 ko 1366x768, na inci 20 da 1600x900, daga inci 22 zuwa 24 kuma an fi samun 1920x1080. Windows na sa Recommended a gaban wanda ya dace. Ka ba allon wani adadi daban, dole ya miƙa hoton ya cike gurbi, shi ne dishi-dishin da kake gani. In siffar ma ta saɓa, sai fuskokin mutane su yi faɗi kamar faifai.

Ga mai son rubutu ya yi girma, ya bar rezolushan a inda yake, ya je Settings, System, Display, ya ɗaga Scale zuwa 125% ko 150%. Idan da VGA kake aiki kuma hoton ya karkata gefe ko rubutu na rawa, danna maɓallin Auto a jikin monita.

Malam, an sake mini Windows, yanzu 1024x768 kaɗai nake gani a jerin. Mai gyaran ya ɓata mini allo ne?

A'a Hajiya, bai ɓata ba, bai dai ƙarasa aikin ba ne. Ki danna dama a kan Start, ki buɗe Device Manager, ki duba ƙarƙashin Display adapters. Idan kika ga Microsoft Basic Display Adapter, babu direban katin hotonki, Windows na lallaɓawa ne da na wucin gadi. Direba a nan ita ce 'yar manhajar da ke yi wa Windows tafinta da katin.

Ki haɗa intanet ki bar Windows Update ya nemo. In bai samo ba, ki duba lambar samfurin da ke jikin akwatin, ki je shafin kamfanin da ya ƙera, ko na Intel, AMD ko NVIDIA. Ki guji shafukan da ke alkawarin sabunta duk direbobi da dannawa ɗaya, tarkacen da suke shigowa da shi ya fi amfaninsu yawa. Tsofaffin injinan kwatano wani lokaci ba su da direban da aka yi wa sabon Windows. Na Windows ɗin da ya gabata kan yi aiki sau da yawa.

Idan kuwa sunan katin ya fito daidai amma jerin bai ƙaru ba, ki koma kan maganar waya da ke sama.

Bayan sabuntawa allo ya fara ƙyaftawa, wani lokaci ya yi baƙi ya dawo.

Danna Windows, Ctrl, Shift da B tare. Za ka ji ƙara, allo ya ƙifta sau ɗaya. Direban ne aka sake tayarwa ba tare da kashe kwamfuta ba. In ƙyaftawar ta ci gaba, buɗe Task Manager da Ctrl, Shift da Esc, ka kalle shi. Yana ƙyaftawa tare da sauran allo? Direba ne. Shi yana tsaye sauran na rawa? Wata manhaja ce da ka saka kwanan nan.

In direba ne, a Device Manager danna sunan katin sau biyu, ka shiga Driver, ka zaɓi Roll Back Driver. Idan maɓallin a dushe yake, babu tsohon da za a koma wa, sai ka cire direban ka sa wani. Wanda ya sauya kati daga NVIDIA zuwa AMD ko akasin haka ya yi amfani da Display Driver Uninstaller a cikin Safe Mode, yana share ragowar tsohon tas.

Allona ya koma ruwan hoda, jiya kuma rawaya ne.

Allurai uku na farko a wayar VGA su ke ɗauke da ja, kore da shuɗi. Kore ya yanke, sai ka ga ruwan hoda. Shuɗi ya yanke, sai rawaya. Ɗaure kusoshin wayar a gefe biyu, ka duba ko wata allura ta kwanta. Idan rawayar da yamma kaɗai take zuwa, Night light ne a kunne.

Yaro ya taɓa kibod, hoto ya kife.

Gwada Ctrl, Alt da kibiyar sama, tsofaffin direbobin Intel na amsa wannan. In bai yi ba, Settings, System, Display, ka mayar da Display orientation zuwa Landscape. Wahalar kawai tuƙa linzami a kife kafin ka isa wurin.

Na haɗa da talabijin ta HDMI, gefen hoton ya yanke, ba na ganin Start. Launin ma ya koɗe.

Talabijin ce ke yanke gefen, ɗabi'a ce da ta gada tun zamanin tashoshin da, lokacin da bakin hoto ke zuwa da datti. Da rimot za ka gyara. Nemi saitin girman hoto: a LG sunansa Just Scan, a Samsung Screen Fit ko Fit to Screen. A wasu talabijin, sa wa ramin HDMI ɗin suna PC ya wadatar.

Koɗewar launi kuma rashin jituwa ce a kan ma'auni. Kwamfuta na ƙirga haske daga 0 zuwa 255, talabijin ta saba da 16 zuwa 235. In ɗaya na magana da wannan ɗaya na saurare da wancan, baƙi sai ya zama toka-toka. A manhajar katin hotonka nemi wurin da aka rubuta Full da Limited, ka daidaita shi da na talabijin.

Tun da an zo maganar HDMI: kwamfutocin ofis na kwatano, irin Dell OptiPlex da takwarorinsu na HP, da yawa ba su da shi, sai VGA da DisplayPort. Ramin DisplayPort na kama da na HDMI amma kusurwa ɗaya ce a yanke, kada ka tura da ƙarfi. Na'urar sauya mahaɗi kuma hanya ɗaya take bi. Wadda aka yi don HDMI zuwa VGA ba za ta yi VGA zuwa HDMI ba, ko da bakunan sun shiga. Faɗa wa mai shago wanne ne a jikin kwamfuta, wanne ne a jikin allo. Mai talabijin 4K da ya ga linzami na jan ƙafa, wataƙila raminsa HDMI 1.4 ne, wanda ke tsayawa a 30Hz a wannan girman, sai 2.0 ke kai 60Hz.

Na cire majigi bayan taro, yanzu wata manhaja in na buɗe ta ba na ganinta.

Tana can a allon da babu. Danna Windows da P ka zaɓi PC screen only. In ba ta dawo ba, zaɓe ta da Alt da Tab, sannan ka danna Windows, Shift da kibiyar hagu ko dama, za ta tsallako.

A wane fayil Windows ke ajiye saitin allo? Ina son in goge in fara daga farko.

Ba a fayil ɗin da za ka buɗe da Notepad ba, a rajista yake, wato rumbun da Windows ke tara saitinsa. Buɗe regedit ka bi wannan hanya:

`HKEY_LOCAL_MACHINE\SYSTEM\CurrentControlSet\Control\GraphicsDrivers`

A ƙarƙashinta akwai Configuration da Connectivity, nan ne ake tara tarihin duk monitar da aka taɓa haɗawa. Kwamfutar da ta yi yawo a ofisoshi za ka ga jerin ya yi tsawo. Danna dama a kan kowanne ka yi Export don ka sami abin komawa, sannan ka goge abin da ke cikinsu, ka sake kunna kwamfuta. Windows zai karɓi monitarka kamar yau ya fara ganinta. Wannan na magance allo biyu da ke musanya wuri da kansu, da monitar da ta nace wa saitin da ba ta iya ɗauka. Kada ka taɓa sauran abin da ke cikin GraphicsDrivers.

A Linux an ce in gyara /etc/X11/xorg.conf, na duba babu shi. Ya ɓace ne?

Bai ɓace ba, ba a buƙatarsa ne. Shekaru da dama ke nan da Xorg, manhajar da ke zana hoto a allon Linux, ke gano kati da monita da kansa duk lokacin da ya tashi. Bayanan da ke cewa ka rubuta HorizSync da VertRefresh da hannu yawancinsu na zamanin monita mai ƙusumbi ne. Rashin fayil ɗin alamar lafiya ce.

Idan akwai abu guda da kake son tilastawa, ka rubuta ɗan ƙaramin fayil a cikin `/etc/X11/xorg.conf.d/`, sunansa ya ƙare da .conf, ya ƙunshi wannan abu ɗaya tak. Kada ka gyara na cikin `/usr/share/X11/xorg.conf.d/`, na tsarin ne, sabuntawa za ta iya shafe aikinka.

Kafin duk wannan, rubuta `echo $XDG_SESSION_TYPE` a tasha, wato Terminal, inda ake buga umarni. In ta amsa wayland, wato sabon tsarin da ke maye gurbin Xorg, to xorg.conf ba shi da ta cewa a hoton da kake gani ko kaɗan. Ubuntu da Fedora na yanzu da Wayland suke tashi.

Na gyara xorg.conf, na sake kunnawa, baƙin allo kawai da ɗan layi na ƙyaftawa.

Kwamfutar na nan da ranta, zanen ne ya kasa tashi. Danna Ctrl, Alt da F3. Za ka sami allon rubutu zalla. Sa sunanka da kalmar sirri, ba za ka ga tana fitowa ba amma tana shiga. Sai ka kawar da fayil ɗin gefe:

`sudo mv /etc/X11/xorg.conf /etc/X11/xorg.conf.tsoho`

`sudo reboot`

Sauya masa suna ya fi gogewa, domin za ka so ka duba inda ka yi kuskure. Bayanin abin da ya faru yana cikin `/var/log/Xorg.0.log`, ko `~/.local/share/xorg/Xorg.0.log`. Layukan da ke da alamar EE su ne kurakurai, masu WW gargaɗi ne kawai, kada su tsorata ka. Na farkon EE shi ne mai laifi, sauran 'yan rakiya ne.

Ni ma na taɓa faɗawa wannan rami. Na cire katin NVIDIA daga wata kwamfuta na mayar da ita kan na madabod, allo ya ƙi. Na sauya waya, na sauya ram, har na fara zargin madabod. Ashe manhajar nvidia-xconfig ta bar xorg.conf da ke cewa a yi amfani da direban katin da yanzu yake cikin aljihun tebur. Layi ɗaya ne, ya ci mini yini. Tun daga ranar, kafin in taɓa kowane fayil na saiti sai na yi `cp` na ajiye kwafinsa, kuma abu ɗaya nake canzawa kafin in gwada. In ka canza uku lokaci guda, ko ya gyaru ba ka san wanne ya gyara ba.

Monitata 1920x1080 ce amma Linux bai nuna shi a jeri ba. Zan iya ƙarawa da hannu?

A kan Xorg, za ka iya, bayan ka gwada wata waya. Rubuta `xrandr` ka ga sunan mahaɗin da aka rubuta connected a gabansa, misali VGA-1. Sai `cvt 1920 1080 60`, zai ba ka layin da ya fara da Modeline. Kwafi abin da ke bayan wannan kalma:

`xrandr --newmode "1920x1080_60.00" 173.00 1920 2048 2248 2576 1080 1083 1088 1120 -hsync +vsync`

`xrandr --addmode VGA-1 "1920x1080_60.00"`

`xrandr --output VGA-1 --mode "1920x1080_60.00"`

Kyan wannan hanya shi ne ba ta dawwama: in allo ya ƙi, sake kunnawa ya share ta. Sai ka ga ta yi aiki sannan ka dawwamar, ko ta zuba layukan uku a `~/.xprofile`, ko ta rubuta `/etc/X11/xorg.conf.d/10-monitor.conf` kamar haka:

```
Section "Monitor"
    Identifier "VGA-1"
    Modeline "1920x1080_60.00" 173.00 1920 2048 2248 2576 1080 1083 1088 1120 -hsync +vsync
    Option "PreferredMode" "1920x1080_60.00"
EndSection
```

Masu allon 1366x768 za su ga cvt ya ba su 1368. Ba kuskure ba ne, yana zagaye faɗin ne zuwa adadin da 8 ke rabawa, kuma yawancin monitoci na karɓa.

A kan Wayland xrandr ba ya saita komai. Can sai dai ka gaya wa ƙwayar tsarin, wato kernel, tun daga tashi, ta ƙara `video=VGA-1:1920x1080@60` a layin GRUB, manhajar da ke tayar da Linux.

Na zaɓi saiti marar kyau a GNOME, duk lokacin da na shiga sai allo ya mutu, amma shafin shiga lafiya lau.

Tunda shafin shiga na fitowa, matsalar tana cikin jakar fayilolinka ne, wato home, ba ta tsarin duka ba ce. GNOME, ɗaya daga cikin fuskokin tebur na Linux, na ajiye zaɓinka a `~/.config/monitors.xml`. Shiga ta Ctrl, Alt da F3, ka sauya masa suna, ka koma. Cinnamon na Linux Mint nasa `~/.config/cinnamon-monitors.xml` ne. Xfce na ajiyewa a displays.xml can cikin `~/.config/xfce4/xfconf/xfce-perchannel-xml/`. KDE Plasma 5 na amfani da jakar `~/.local/share/kscreen`, Plasma 6 kuma `~/.config/kwinoutputconfig.json`. Duk wanda ka kawar, za a ƙirƙiri sabo.

Ina sa kalmar sirri daidai, allo ya yi baƙi, ya dawo da ni shafin shiga.

Abu biyu nake fara dubawa, kuma babu wanda ya shafi monita. Na farko `df -h`: in faifai ya cika 100%, teburin da kake son shiga ba zai sami inda zai rubuta fayilolinsa ba, sai ya faɗi. Na biyu `ls -l ~/.Xauthority`: in ka ga root ne mai shi, galibi saboda an taɓa rubuta sudo startx, mayar da shi hannunka da `sudo chown $USER:$USER ~/.Xauthority`. In duka biyun lafiya, duba abin da ka zuba a .xprofile kwanan nan, sannan direban NVIDIA, musamman in Secure Boot na kunne kuma ba a yi rajistar makullin direban ba.

Mene ne nomodeset da ake ta ambata?

Kalma ce da ke hana ƙwayar Linux kunna direban hoto da wuri, sai a ci gaba da hoton da BIOS, manhajar madabod da ke fara tashi, ya bari. Tana da amfani idan filashin saka Linux ko sabon tsari ya tsaya a baƙin allo. A menu na GRUB, wanda riƙe Shift ko danna Esc ke fito da shi, danna e, nemi layin da ya fara da linux, ƙara nomodeset a ƙarshensa, ka danna F10. Na wannan tashin ne kaɗai.

Sanda ce ta dogarawa har ka isa inda za ka sa direba. Kuskuren da ake yi shi ne a rubuta ta a `/etc/default/grub` a manta. Bayan wata shida mutum ya zo yana kukan rezolushan ɗaya gare shi, allo na biyu ba ya aiki, bidiyo na sarƙewa. In ka gaji kwamfuta mai irin wannan hali, leƙa fayil ɗin, cire kalmar, ka yi `sudo update-grub`.

Wasan da na saka ya buɗe da rezolushan da allona ba ya ɗauka, ba na ganin menu balle in gyara.

Gwada Alt da Enter, wasanni da yawa na komawa cikin taga. In bai yi ba, saitin na cikin wani fayil, galibi a Documents cikin My Games, ko a jakar da za ka samu in ka rubuta `%LOCALAPPDATA%` ko `%APPDATA%` a Run. Wasannin da aka gina da Unreal Engine na amfani da GameUserSettings.ini, a ciki akwai ResolutionSizeX da ResolutionSizeY. Rufe wasan tukuna kafin ka gyara, in ba haka ba zai rubuta tsohon saitin a kan naka lokacin fita.

Na kwafi saitin daidai yadda aka rubuta, amma an ce akwai kuskure a fayil.

Da me ka rubuta shi? Word da manhajojin hira na sauya alamar zance miƙaƙƙiya zuwa mai lanƙwasa, su haɗe gajerun layuka biyu na gaban newmode su zama dogo ɗaya. Ido ba ya lura, kwamfuta kuwa ba ta yafewa. Yi amfani da Notepad ko nano, ka sake buga alamomin da hannunka. A Windows kunna File name extensions, don kada fayil ɗinka ya zama saiti.ini.txt ba ka sani ba. A Linux babban harafi da ƙarami ba ɗaya ba ne: X11 daban, x11 daban. Kowane Section kuma sai da EndSection nasa.

Duk lokacin da aka ɗauke wuta sai agogo ya koma baya, hoto kuma ya koma ramin madabod.

Batirin madabod ne ya mutu, ɗan faifan nan mai kama da kwabo, lambarsa CR2032. Shi ke riƙe saitin BIOS idan babu wuta, har da zaɓin katin da za a fara nuna hoto da shi. Masu gyaran agogo ma na sayar da shi. Sauya shi, ka shiga BIOS, ka gyara kwanan wata da zaɓin Primary Display.

Yaushe zan haƙura in san monitar ce da kanta ta lalace?

Cire wayar hoto gaba ɗaya, ka bar ta wuta kaɗai, ka danna maɓallin Menu na jikinta. In layukan, ko tabon, ko rawar na nan a kan menu ɗin, babu saitin da zai gyara, domin kwamfuta ba ta cikin maganar. In fitilar wuta na kunne amma allo baƙi ƙirin, haska tocila a jikin gilashin daga kusa, ka karkata kai. Ganin inuwar hoto a ciki na nufin fitilar baya ce ta mutu. Monitar da ke nuna hoto daƙiƙa biyu ta ɗauke, ko wadda sai ta yi zafi take kamawa, yawanci kafasitocin sashen wutarta ne suka kumbura, abin da wutar da ke hawa da sauka da ta janareta ke gaggautawa. Mai gyaran talabijin zai sauya su da kuɗi kaɗan. Kada ka buɗe da kanka, babban kafasitan ciki na riƙe wuta ko bayan an zare soket.